Tiyo ya nufi kudu, ƙishirwa ta saura a Damargu

Duk wanda ya taso daga Damagaram ya kama hanyar Agadas, in ya kai wajejen Bakin Birji, to ya shiga ƙasar da ake tatso ruwan da birni ke sha. A nan Ganaram take, cikin ƙaramar hukumar Olelewa, a gundumar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da birni. An haƙa foraj masu zurfi, an ɗora musu injuna, an binne tiyo, ruwa yana tafiya kudu dare da rana. In matafiyin ya ci gaba, ya wuce Tanut, ya saki kwalta ya faɗa dajin Tenhiya a watan Afrilu, zai tarar da wani irin jan ruwa dabam. Raƙumi ko takarkari ne zai ja igiya, ya yi tafiyar mita 60 ko fiye kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya, garke kuwa yana jiran layi tun asuba. Gunduma ɗaya ce, kuma ruwan nan biyu duka daga ƙarƙashin ƙasar Damargu suke fitowa. Na farko an yi masa lissafi da takardu da kuɗin ƙasashen waje, na biyu an bar shi ga ƙarfin dabba da haƙurin mai ita.

Kada mai karatu ya zaci ana so a ce jawo ruwa zuwa Damagaram laifi ne. Ko kusa. Sanin kowa ne birnin nan a kan dutse yake zaune, dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale cikin tsagoginsa. Rashin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai a shekarar 1926. Tun daga lokacin birni yake miƙa hannu yana neman ruwa a ƙasar maƙwabta. An fara da Gogo, a kudu, tun kafin samun ƴancin kai, aka haɗa da Machaya. Amma ruwan Gogo da Machaya ɗan damina ne: in sama ta yi kyauta ya cika, in ta yi rowa ya ja baya tun kafin bazara ta yi nisa. Sai aka juya arewa, aka kama Arunguza, daga bisani aka ƙara gaba zuwa Ganaram, da taimakon ƙasar Sin, kuma aka sake faɗaɗa aikin bayan haka. Ƙidayar shekarar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 300 a birnin da kewayensa, kuma tun daga lokacin ba raguwa suka yi ba. Kowace bazara labarin ɗaya ne: fanfo ya yi shiru, mata da yara su kwana a layi da bido, ƴan ga-ruwa su tsawwala kuɗi. Mutanen da ke cikin wannan hali ba wanda zai ce musu su dakata. Dole a kai musu ruwa, kuma babu inda za a samo shi da yawa kusa sai arewa.

Abin dubawa shi ne, kowane sabon aiki ya fi na bayansa nisa. Birni yana girma, tiyo yana ƙara tsawo, kuma gabansa arewa ya dosa, wato wajen da ruwan sama ya fi ƙaranci. A Tanut, yawancin shekaru abin da ke sauka ba ya wuce milimita 300. A Tenhiya bai ma kai haka ba. Ta yaya ƙasar da ba ta samun ruwan sama ta zama ita ce mai shayar da wadda ta fi ta damina?

Amsar tana cikin ƙasa. A ƙarƙashin Damargu da Tagama akwai shimfiɗar dutsen rairayi mai kauri, wanda ke tsotse ruwa ya ajiye kamar soso. Mafi yawan ruwan da ke cikinsa ba na bana ba ne, ba na bara ba. Ya taru ne tun shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara take da tabkuna da ciyawa da namun daji. Abin da damina ke ƙara masa yanzu kaɗan ne ƙwarai. Wato rumbu ne na gado, wanda kakanni suka cika suka bari, magada suna ɗiba, gonar da ake zubawa daga gare ta kuwa ta ƙanƙance. Rumbun babba ne, gaskiya, har wani sashensa Nijar ta yi tarayya da Mali da Najeriya. Amma girman rumbu ba ya hana shi ƙasa. Kuma inji ba ya ɗiba kamar guga. Inda aka jera foraj masu yawa wuri guda ana ja ba hutawa, ruwan wurin yakan lotsa, kamar yadda tsakiyar hatsi ke lotsawa in an buɗe rumbu ta ƙasa. In rijiyar ƙauye tana shan shimfiɗa ɗaya da foraj ɗin, ita ce za ta fara kafewa, domin ita ce gajera. In shimfiɗarsu dabam-dabam ce, da laka a tsakani, to ba abin da zai same ta. Wanne ne daga ciki? Ba a sanin wannan da zato, ba a saninsa da jawabi. Awo ake yi, wata-wata, shekara-shekara, a rubuta.

Nan ne maganar ta shafi ma'aikata. Kamfanin SPEN shi ke da kayan aikin ruwa na birane, kamfanin NDE kuwa shi ke tafiyar da su tun farkon shekarar 2024, bayan ya karɓa daga hannun SEEN. Ma'aikatar ruwa tana da ma'aikatanta a jaha da gunduma. Abin da ya kamata shi ne sakamakon awon nan ya daina zama sirrin ofis. A kai shi gaban majalisar ƙaramar hukuma sau ɗaya a shekara, a karanta da Hausa da Tamashek da Fulatanci, a liƙa a ƙofar magajin gari: bara ruwa yana mita kaza, bana yana mita kaza, an ɗebi kaza. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci sun iya karanta lamba, kuma manomin da ke auna hatsinsa da tiya ba zai kasa gane wannan lissafi ba. In ruwa bai motsa ba, hankali ya kwanta, jita-jita ta mutu. In yana sauka, gara a sani da wuri.

Ba birni kaɗai ke sha a wurin ba. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na shekarar 2011, ita ma a ƙasar Olelewa take, kuma tace mai aiki ne mai cin ruwa. Ɗanyen man da take tacewa, ganga dubu 20 a rana in tana cikakken aiki, ta cikin tiyo yake zuwa daga Agadem, tafiyar kilomita fiye da 400. An kuma shimfiɗa wani tiyon mai kusan kilomita 2.000 har bakin teku a ƙasar Benin, wanda ya fara aiki a shekarar 2024. Makiyayi ba jahili ba ne. Ya ga an iya tura mai ya ƙetare ƙasa biyu, zai yi wuya a shawo kansa cewa kai ruwa ƙauyen da ke kilomita biyar daga babban tiyo abu ne da ya gagara.

Akwai masu ganin duk wannan ƙananan dabaru ne, a yi babban aiki sau ɗaya a huta. Wasu su ce a jawo kogin Isa, wasu su ce a jira ruwan Kwango. Bari a duba su ɗaya bayan ɗaya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne a kan hanya, kuma Damagaram ta fi bakin kogi tudu da mita fiye da 200. Ruwa ba ya hawa tudu don kansa. Kowace lita sai an tura ta da inji, kowace rana, har abada, kuma kuɗin turawar daga aljihun mai fanfo zai fito ko daga baitulmali. Kogin ma ba shi da tabbas: a watan Yuni na shekarar 1985 sai da ya kusa tsayawa cik a Yamai. Game da Kwango kuwa, shirin nan da ake kira Transaqua, wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ne ya zana shi tun wajen shekara arba'in da suka wuce: a yanka babbar hanyar ruwa ta kilomita 2.400 daga rassan kogin Kwango zuwa kogin Shari, a farfaɗo da tabkin Cadi, wanda ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a shekarun 1960 kafin fari ya cinye mafi yawansa. An yi babban taro a kansa a Abuja a watan Fabrairu na shekarar 2018, shugabanni sun amince, amma ba a haƙa hanyar ba, mutanen Kinshasa kuma da yawansu ba su yarda a taɓa musu kogi ba. In gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu. Ko da an yi shi, ruwan a tabkin Cadi zai tsaya, ɗaruruwan kilomita gabas da Tenhiya.

Ba a ce manyan ayyuka ba sa yiwuwa ba. Maƙwabta na arewa sun yi. Aljeriya ta jawo ruwa daga In Salah zuwa Tamanrasat, kilomita 750 cikin hamada, aka buɗe a shekarar 2011, kuma Hausawan da ke ci-rani a can sun sha shi. Amma da kuɗin mai da iskar gas aka yi, kuma da ruwan ya iso aka tarar yana da gishiri-gishiri, sai da aka sake gina masa wurin tacewa. Libiya ta fara nata a shekarar 1984, da tiyo mai faɗin mita huɗu, ruwa ya isa Bangazi a 1991, ya isa Tarabulus a 1996. Bayan rikicin 2011 kuwa, sau da dama ƴan bindiga sun rufe bakin tiyon, babban birni ya kwana da ƙishirwa. A Senegal ba yaƙi aka yi ba, ƙarfe ɗaya ne ya fashe a Kër Momar Sar a watan Satumba na shekarar 2013, kilomita 250 daga Dakar, mutanen birnin suka yi fiye da mako biyu suna yawon neman ruwa. Dogon tiyo igiya ce guda, inda duk ta tsinke guga ya faɗa. Damagaram ma ta ɗanɗana irin wannan ta wata fuska, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta na shekarar 2023: injin da ba wuta, ko yana kan teku, ba ya ba da ruwa. Saboda haka kowane wurin ɗibar ruwa ya kamata ya sami wutarsa ta kansa, ta hasken rana, wadda Damargu ba ta rasa ba ko a damina.

Darasin da ya fi kusa da zancen Damargu daga Amurka ya fito. A shekarar 1913 birnin Los Anjeles ya jawo ruwan kwarin Owens, tafiyar kilomita 375. Birni ya bunƙasa. Cikin shekara goma sha uku tabkin kwarin ya ƙafe ƙurmus, gonaki suka mutu, har manoma suka riƙa fasa tiyon da nakiya. Ba wanda ya tambaye su tun farko. Kusa da gida kuma, mutanen Difa sun san yadda Komadugu ta canza hali bayan an ɗaure ruwa a Tiga a shekarar 1974 da Challawa a 1992, can ƙasar Kano. Mai birni yakan ga fanfo yana zuba ya gode wa hukuma, wanda aka ɗebo daga ƙasarsa kuwa ba kasafai muryarsa ke kaiwa ofis ba.

To, me Tenhiya ke bukata? A nan ne ya kamata a yi hattara, domin wanda bai san dajin ba zai ce a haƙa mata ƙaton foraj irin na Ganaram, a gina shato, a jera komaye, shi ke nan an yi adalci. An taɓa gwada wannan. A shekarun 1960 gwamnati ta kafa manyan tashoshin ruwa masu inji a yankin makiyaya, ofishin OFEDES yana kula da su, ruwa kyauta ga kowa. Niyyar kyakkyawa ce. Amma kafin zuwan inji, rijiya ita ke tsare ciyawa. Wasaki yana da iyakar abin da zai ɗebo a yini, don haka bisashen da za su zauna kewaye da rijiya suna da iyaka, kuma mai rijiya shi ke cewa baƙo ya sha kwana nawa ya wuce. Da inji ya zo, ba iyaka, ba mai cewa. Garkuna suka taru daga ko'ina, suka cinye ciyawar rani tun da sanyi, suka tattake kewayen tasha ya koma fako. Da farin 1973 ya zo, sannan na 1984, dabbobi da yawa sun mutu a gefen komi cike da ruwa. Yunwa ce ta kashe su. Dattawan Abzinawa da Fulani na Tenhiya da na Balbeji ba su manta ba. Abzinawa na cewa aman iman, wato ruwa shi ne rai, amma su ne kuma suka fi kowa sanin cewa ruwan da ya fi ƙarfin ciyawa halaka ne.

Dokar makiyaya ta shekarar 2010 ta ɗauki wannan darasi. Ta sa tazara tsakanin mashaya da mashaya: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga rijiyar siminti, 30 ga foraj. Ta tabbatar wa mutanen wuri haƙƙin fifiko a kan ruwan da ke mazauninsu, ba tare da sun hana baƙo sha ba. Tun shekarar 1961 kuma akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake layin a Damargu da kwarin Tarka. Dokoki dai ga su nan a rubuce. Abin da ake gani a daji dabam ne: mai kuɗi ya samo takarda ya haƙa tasa rijiya ko foraj, ya zuba dubban dabbobi da makiyayan haya, sai ya zama ciyawar da ke kewaye duka tasa ce, tun da wanda ba shi da ruwa ba ya iya kiwo a wurin. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Hukumomin filaye na gunduma da na ƙaramar hukuma su ke da alhakin duba kowace takardar haƙa, kuma mai sa hannu ya sani ba ramin ruwa kaɗai yake bayarwa ba, da daji mai faɗin yinin raƙumi yake haɗawa.

Ke nan abin da ya dace da Tenhiya kishiyar abin da ya dace da Damagaram ne. Birni yana son ruwa mai yawa a wuri guda. Daji yana son ruwa madaidaici a wurare da yawa: rijiyoyin siminti a bisa tazarar doka, gyaran waɗanda suka rufta, ƙananan foraj masu hasken rana ga garuruwan da ke da lakwal da gidan likita, da kwamitin da masu dabbobi suka zaɓa da kansu, mai ikon rufe fanfon dabbobi da damina har tabkuna su ƙafe. Duka wannan bai kai kuɗin ƴan kilomita na babban tiyo ba. Illarsa ɗaya, ba shi da ranar buɗewa mai ganga da tuta, shi ya sa yake wuyar samun mai ɗaukar nauyi.

Ina kuɗin za su fito? Dokar ruwa ta shekarar 2010 ta ce ruwa dukiyar al'umma ce, ta kuma aza ƙa'idar cewa mai ɗiba da yawa ya biya. A fannin mai, doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu domin ƙananan hukumomin jahar da ake haƙowa. In an yarda da wannan ga mai, wanda ba a sha, me zai hana a yarda da makamancinsa ga ruwa? Ko tamma ɗaya aka ɗora a kan kowace lita dubu da ta fita daga gundumar Tanut, aka zuba a asusu mai suna, wanda ba a taɓawa sai don rijiyoyin Olelewa da Gangara da Tarka da Tenhiya, mai fanfo a Sabon Gari ko Zango ba zai ji nauyinta ba. Kuma kafin a sa hannu a kan wani sabon aikin faɗaɗawa, a rubuta cikin yarjejeniyar cewa duk ƙauyen da tiyo ya ratsa ƙasarsa za a fitar masa da reshe, da fanfon mutane da komin dabbobi, a gama su kafin a buɗe wa birni.

Birni ma yana da nasa aikin. Ruwan da ya yi tafiyar kilomita 50 bai kamata ya ƙare a tsagar tsohon tiyo cikin lungu ba, ko a fanfon ofis da aka bari yana zuba tun Juma'a har Litinin. Ruwan damina da ke malala ya rushe gidaje a unguwanni, in an tare shi a kwaruruka kamar yadda aka yi a Gogo, zai nutse ya jira bazara. Kowace lita da aka tsimi a Damagaram, lita ce da ta saura a ƙarƙashin Damargu.

Damargu ta saba ciyar da wasu. Tun zamanin ayari geronta ne ke hawa Abzin a bayan raƙuma, kuma har gobe in damina ta yi kyau ana jin ta a kasuwannin Damagaram. Amma gero ana shuka shi kowace shekara, kuma ayari ba ya ɗauka sai ya biya da gishiri da dabino. Har zuwa shekarar 2024, majalisun Tenhiya da Olelewa da Tarka sun kasance suna da zama na kasafin kuɗi kowace shekara, da ikon gayyatar ma'aikacin ruwa na gunduma ya zo da littafin awo a hannunsa.